Baba na son in zama ƙadi, Kawu na son in zama lauyansa, ni kuwa ruwan Challawa ne a raina

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun lauya a wata jami'a a nan Arewa, ina haɗa shari'ar Musulunci da dokokin ƙasa, yanzu zan shiga aji biyar. Saura mako uku mu miƙa batun da kowa zai rubuta kundin kammala digiri a kansa, mu kuma cike darussan zaɓi. Ni dai dokar muhalli da ta kare haƙƙin masu sayayya su ne a raina. So nake in yi rubutu a kan dagwalon kamfanonin jima da ke kwarara cikin kogin Challawa, domin tun ina yaro nake ganin masu lambu suna ban ruwa da shi, kuma kayan lambun nan kasuwa ake kai su mu saya mu ci.

Matsalar ita ce Babana tsohon alƙalin kotun shari'a ne, ya yi ritaya. Burinsa in yi rubutu a kan rabon gado, in bi sawunsa har in kai inda bai kai ba, wato in zama ƙadi, alƙalin kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a. Ya ce dokar kamfanoni karatun masu kare cin riba ne, maganar muhalli kuwa surutun ƙungiyoyin Turawa ne. Shi kuma Kawuna, yayan Ummata, shi yake biya mini kuɗin makaranta tun da Baba ya ajiye aiki, kuma kamfanin jima gare shi. Duk inda muka haɗu sai ya nuna ni ya ce, "Ga lauyan kamfaninmu nan." Bai san abin da nake shirin rubutawa ba. Da na gaya wa Umma, cewa ta yi, "Don Allah kada ka haɗa ni da yayana." Abokaina kuma sun ce wannan fanni ba ya ciyar da mutum sai in Legas zai koma. Malam, na rasa inda zan sa kaina. In na bi raina na saɓa wa Baba, na kuma ci amanar Kawu. In na bi su, ina ganin zan ƙare rayuwata ina aikin da ba na so.

Ɗalibi, daga Kano

Wa alaikumus salam, ɗana. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fara zo mini a rai shi ne ka ɗora wa takardar da za ka miƙa nan da mako uku kayan da ba nata ba. Bari mu sauke su tukuna, sannan mu zo kan mutanen gidanku.

Kundin kammala digiri ba igiyar aure ba ce. Da wanda ya rubuta nasa a kan gado da wanda ya rubuta a kan ruwan kogi, takardar shaida iri ɗaya za a miƙa musu, su wuce Makarantar Horas da Lauyoyi, ko Bagauda aka tura su ko Bwari ko Legas, su yi darussa biyar ɗin da kowa ke yi, ciki har da aikin lauya a harkar kamfanoni. Ke nan ko Baba ya so ko bai so ba, ba za a rantsar da kai lauya ba sai ka ci jarrabawar dokar kamfanoni. Tsarin mulkin 1999 kuwa, inda ya faɗi sharuɗɗan zama ƙadi, bai tambayi abin da mutum ya rubuta a aji biyar ba. Ga wanda ya biyo ta hanyar lauyanci, abin da ya nema shi ne ya shekara 10 da rantsuwa, yana kuma riƙe da shaidar ilimin shari'ar Musulunci da aka amince da ita. Digirin da kake yi ya riga ya sa ka a kan wannan layi. Alƙalin babbar kotu ma shekara 10 ɗin ake nema. Ka ga ƙofar da Baba yake tsoron za ta rufe ba ma za ta buɗe ba sai nan da shekara goma sha wani abu, kuma makullinta ba ya cikin kundinka.

To, Baba, Allah ya ƙara masa lafiya. Kada ka tsaya a kan lafazinsa kawai. Mutum ne da ya yi shekaru yana yanke hukunci, ana miƙe masa in ya shigo, yau ga shi a gida yana jiran fansho, yana kallon yayan matarsa yana biya wa ɗansa makaranta, har yana nuna shi a cikin mutane yana cewa ga lauyansa. Ko bai furta ba, ina zaton abin yana sosa masa rai. Idan ya ce ka rubuta a kan gado, wani ɓangare na abin da yake nufi shi ne: kai ɗana ne, ni ma ina da abin da zan ba ka. Kai ka fi ni saninsa, amma ka juya maganar nan ka gani.

Kuma maganarsa ta riba ba a banza ya yi ta ba. Gaskiya ne cewa kaso mai tsoka na aikin lauyoyin kamfani rubuta takardun rancen banki ne mai kuɗin ruwa, kuma Musulmi mai tsantseni yana da damar ya tsaya ya yi tambaya. Sai dai kasuwar ta faɗaɗa tun bayan zamanin da Baba ya san ta. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 ba tare da kuɗin ruwa ba, TAJ ya biyo baya a 2019, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi. Duk yarjejeniyar murabaha (sayarwa da ribar da aka bayyana) ko ijara (haya) ko musharaka (haɗin jari) da ake sa wa hannu a waɗannan wurare, lauya ne ya zauna ya tsara ta, kuma wanda ya san fiƙihu ya san dokar kamfanoni shi ake nema ruwa a jallo.

Amma hujjar da ta fi wannan ƙarfi tana nan cikin kabad ɗin littattafan Baba. Ka roƙe shi ya buɗe maka Mukhtasar na Shaihu Khalil, babin sharika, wato tarayya a dukiya da kasuwanci. Can wajen ƙarshen babin, inda aka jero abubuwan da alƙali yake hukunci da su tsakanin maƙwabta, an ambaci hana hayaƙi irin na gidan wanka, da hana wari irin na wurin jima. Jima fa, ɗana, ita kanta da sunanta, a littafin da aka rubuta tun ƙarni na 14, kuma a cikin babin da ya fi kusa da abin da yau muke kira dokar kamfanoni. Tushen hukuncin shi ne hadisin nan na "la darara wa la dirara", ba cuta ba cutarwa, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Haƙƙin mai saye ma haka ne. Ka san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Tauye mudu sura guda aka saukar da sunan masu yin sa. Damar mayar da kaya idan aka tarar da aibin da mai sayarwa ya ɓoye, malamanmu sun gama fayyace ta tun kafin dokar gasa da kare masu sayayya ta 2018 ta zo ta ba mai saye irin wannan dama. Abin da Baba yake kira surutun Turawa, ya karanta shi a zaure tun kafin a haife ka, da wani suna.

Yadda za ka kai masa maganar shi ne muhimmi. Kada ka je da niyyar ka ƙure shi. Tsohon alƙali ba ya son ɗansa ya kafa masa hujja, ko da hujjar daidai ce. Ka je a matsayin almajiri, ka zauna a ƙasa, ka ce, "Baba, akwai wurin da ya shige mini duhu a babin sharika, ina son a biya mini." In ya biya maka, sai ka tambaye shi yadda alƙali zai yi idan warin ya zama dagwalo, maƙwabcin kuma ya zama ƙauye guda da lambunansa. Daga nan batun kundinka zai fito da kansa: kwatanta hukuncin cutarwa a mazhabar Malikiyya da dokokin Najeriya a kan dagwalon masana'antu. Batu ne da ɗalibi mai irin digirinka zai iya yi, wanda ya karanta dokokin ƙasa zalla ba zai iya ba. Ka samu malami na biyu a gida kyauta, sunansa kuma ya hau shafin sadaukarwa da haƙƙinsa.

Gadon ma da yake so, kada ka raina shi, domin a nan iliminsa da dokar kamfanoni suke karo kullum a garin nan. Na taɓa ganin wani gida da mahaifinsu ya rasu ya bar kamfani mai rajista, da sito-sito da manyan motoci. Magada suka zauna aka kasafta motocin da gine-ginen kamar yadda ake raba gonaki da shanu. Daga baya masu bin kamfanin bashi suka zo, sai ga rigima sabuwa fil, domin a doka motocin nan ba na marigayin ba ne, na kamfanin ne. Abin da ya bari na gado hannun jarinsa ne. Wannan ita ce ƙa'idar shari'ar Salomon ta 1897 da za a yi ta maimaita muku a aji biyar, cewa kamfani mutum ne mai zaman kansa a idon doka, dabam da wanda ya kafa shi. Rabon gadon Musulmi a kotun shari'a ake yin sa, rikicin da ya shafi tafiyar da kamfani kuwa hurumin Babbar Kotun Tarayya ne. Iyalai da yawa a tsakanin kotunan nan biyu dukiyarsu take narkewa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya tilo damar kafa kamfani, abin da ke nufin irin wannan matsala ƙaruwa za ta yi duk lokacin da mai kamfanin ya kwanta dama. Ka ba Baba wannan misali wata rana, ka ga yadda zai gyara zama.

Sai Kawu, kuma a nan gizo ke saƙar. Na san karin maganar da take hana ka barci: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba ina kiran Kawu kuturu ba, Allah ya ba shi haƙuri. Bashin da yake bin ka na gaske ne. Mutum ya ɗauki ɗawainiyar ɗan ƙanwarsa shekara da shekaru a wannan zamani, ya cancanci godiya, da biyayya, da ka amfane shi da iliminka. Amma askin da ya wajaba a kanka bai haɗa da ka runtse ido a kan abin da ka san yana cutar da mutane ba, kuma ban ga alamar shi ma ya nemi haka ba, tun da har yanzu bai san komai ba. Tsoronka ne yake magana da bakinsa.

Abu biyu ne idan ka yi su za ka zama ka ci amanarsa da gaske. Na farko, ya ji labarin a waje. Na biyu, ka yi amfani da abin da ka gani ko ka ji a matsayinka na ɗan gida: ka shiga kamfaninsa da sunan gaisuwa ka ɗauki hoton magudana, ko ka leƙa takardun ofis, ko ka kwashe hirar da aka yi a gabanka a falo ka zuba a kundi. Aikin lauya gaba ɗayansa a kan riƙe sirri aka gina shi, kuma wanda ya fara da tona na kawunsa ya fara da ƙafar hagu. Kada ka ambaci sunan kowane kamfani, nasa ko na abokan gasarsa. Ba ka ma buƙatar hakan, domin kai ba ɗalibin kimiyya ba ne da zai ɗebi ruwa a kwalba ya auna sinadarin kuromiyom. Wannan aikin masana sun yi shi, sakamakonsu yana cikin mujallun bincike, sai ka ɗauko ka dogara da shi. Tambayoyinka na doka ne. Wa doka ta ɗora wa alhakin tace ruwan? Me ƙa'idojin da hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, NESREA, ta fitar a 2009 musamman don masana'antun tufafi da fata da takalma suka tanada, kuma me ya sa abin da ke takarda bai isa bakin kogi ba? Mai lambun da ruwan ya ƙona masa shuka, wace kotu zai je? In kamfanoni da yawa suna zuba dagwalonsu a magudana ɗaya, ta yaya zai tabbatar wa alƙali na wane ne ya cuce shi? Ƙa'idar shari'ar Rylands ta 1868, wadda ta ɗora alhaki a kan wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa har ya ƙwace ya yi ɓarna, tana iya ɗaukar wannan? Tambaya ta kusa da ƙarshe ita kaɗai ta isa babi guda.

Ka je wajen Kawu da ƙafarka, a gida, lokacin da ba baƙi. Ka ce masa za ka yi bincike a kan dokokin da suka shafi sana'arsu, kuma kada ka ɓoye masa cewa za a yi maganar illar dagwalo a ciki. Ka tabbatar masa ba sunan kowa. Sannan ka tambaye shi nasu ɓangaren, ka saurara da kyau: nawa injin tace ruwa yake ci, nawa ake ƙonawa a man dizal saboda rashin wuta, hukumomi nawa ne suke zuwa karɓar haraji, mutum nawa ne suke cin abinci a ƙarƙashinsa. Kundin da bai ji ta bakin masu masana'anta ba rabin aiki ne, kuma malaminka zai gane. Shi ma Kawu yana da riba a ciki. NESREA tana da ikon shiga ta duba ta kai ƙara, ta kuma sha garƙame wuraren da suka saɓa ƙa'ida. Wasu dokokin muhalli ba sa tsayawa a kan kamfani, suna bin daraktocinsa su kansu. Masu sayen fata a Turai suna ƙara matsa tambaya a kan yadda aka jeme ta da inda ruwan ya tafi. Ɗan kasuwa mai hangen nesa zai fi son ɗan ƙanwarsa ya gaya masa inda rufinsa ke yoyo tun kafin damina.

Yana iya ƙi, har ya ɗaga murya. In haka ta faru, ra'ayina shi ne ka sauya wuri, ka riƙe fanni. Batutuwa ba su ƙare ba. Ga gubar dalma ta Zamfara, wadda a 2010 ta kashe aƙalla yara 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, da tambayar yadda dokar ma'adinai ta 2007 ta bar masu haƙar gargajiya a rataye, tun da ma'adinai hurumin tarayya ne, ƙasa kuma tana hannun gwamna. Ga waken Najeriya da Tarayyar Turai ta hana shiga da shi tun 2015 saboda yawan maganin ƙwari, alhali irinsa ne muke dafawa a gidajenmu ba mai tambaya. Ga manhajojin ba da rance a waya da suke tura wa dangin mutum saƙon cin mutunci in ya makara da biya, waɗanda hukumar gasa da kare masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta fara taka wa birki da ƙa'idoji a 2022. Kowanne a ciki zai ɗauki hadisin rashin cutarwa ko na algus, don haka tsarinka da Baba bai rushe ba. Kogin Challawa yana gudu amma ba ya ƙaura. Za ka same shi a digiri na biyu, lokacin da kake biyan kuɗin makaranta daga aljihunka.

Batun zama lauyan kamfaninsa kuwa, kada ka yi alkawari, kada kuma ka ce a'a yanzu. Ka sani dai ƙa'idojin aikin lauya sun hana wanda ke cin albashin kamfani ya tsaya wa kamfanin a gaban kotu, don haka ko ka zauna a ofishinsa, ranar shari'a sai ya ɗauko wani. Sabon lauyan da ya faɗa kamfanin ɗan'uwa kai tsaye ba shi da babban da zai gyara masa rubutu, kuma da wuya ya iya kallon wanda ya biya masa makaranta ya ce, "Kawu, wannan ba daidai ba ne." Ka yi shekara biyu ko uku a ƙarƙashin gogaggen lauya bayan hidimar ƙasa, sannan Kawu ya zo a matsayin mai neman shawara, ka yi masa aiki da zuciya ɗaya, ko kyauta in ka ga dama. Hakan ya fi masa amfani.

Yanzu kai kanka. Ina jin daɗin kishinka, amma ina so ka shiga da idonka biyu. Dokar muhalli a ƙasar nan yarinya ce. Sai da aka jibge dubban gangunan guba daga Italiya a garin Koko a 1988 sannan aka yi dokar hukunta masu shigo da irin wannan shara, aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. Dokar auna illar manyan ayyuka ga muhalli ta zo a 1992, NESREA ta gaji FEPA a 2007. Sashe na 20 na tsarin mulki ya ce gwamnati ta kare ruwa da iska da ƙasa, amma yana cikin babin da ba a kai gwamnati ƙara kai tsaye a kansa. Sai a 2018 Kotun Ƙoli ta buɗe wa ƙungiyoyi masu zaman kansu ƙofar shigar da ƙara a kan gurɓata muhalli, a wata shari'ar malalar mai da aka yi da NNPC. Kuma shari'o'in manyan kamfanoni suna cin rai. Mutanen Bodo a ƙasar Ogoni, man kamfanin Shell ya malale musu a 2008, sai a 2015 aka sasanta a kan fam miliyan 55, a Landan ma ba a gida ba. A nan Kano, gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a kan yara lokacin sanƙarau a 1996 aka yi shi, sasantawar dala miliyan 75 da gwamnatin jiha sai a 2009. Mai gajen haƙuri ba ya wannan aiki. Ɓangaren masu sayayya ya fi motsi a 'yan shekarun nan: a 2024 FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kotun musamman ta fannin kuma ta tabbatar da hukuncin a 2025.

Abokanka rabin gaskiya suka faɗa. Manyan ofisoshin lauyoyin kasuwanci a Legas da Abuja suke, kuma sakamako mai kyau suke fara dubawa, don haka duk wannan damuwa kada ta ja maka makinka ƙasa a shekarar ƙarshe. Gaskiya ne kuma wanda ya kafa allo a Kano ya rubuta "lauyan muhalli" kawai, kuɗin haya zai gagare shi. Ko rajistar kamfani da ƙananan lauyoyi suke samun na cefane da ita ta ragu, tun da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ta mayar da ita intanet kowa yana iya yi da kansa. Amma garin da yake da Sharaɗa da Bompai da Challawa, da Kantin Kwari da Singa da Dawanau, da tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a 2023, ba za a ce babu aikin lauyan kasuwanci a cikinsa ba. Mafi yawan dukiyar nan a kan amana da baki take tafiya, kuma kullum ana ƙara tilasta mata shiga takarda. Ga kuma aikin gwamnati a hukumomin da na ambata, da ma'aikatun shari'a da na muhalli, da hukumar kare masu sayayya ta jiha, ga koyarwa. Shawarata ita ce ka riƙe dokar kamfanoni da hannu bibbiyu don ita ce tuwon, muhalli da haƙƙin masu sayayya su zama miyar da za ta bambanta ka da sauran. A darussan zaɓi ka ɗauki muhalli, ka haɗa da haraji ko harkar kuɗi ta Musulunci in tsangayarku tana bayarwa. Ka koyi karanta lissafin kuɗin kamfani, abin da lauyoyi da yawa suke gudu. In akwai ofishin taimakon shari'a na ɗalibai a jami'arku, ka shiga, domin a nan za ka fara jin kukan wanda aka sayar wa jabun taki ko aka kawo wa takardar kuɗin wutar da bai sha ba. Daga baya kana iya ƙarawa da jarrabawar cibiyar sakatarorin kamfanoni ta ICSAN.

Umma kuwa ba adawa take da burinka ba, zumuncinta take tsoro, kuma ita ce a tsakiya: ga miji, ga wa, ga ɗa. Kada ka mayar da ita 'yar aike. Ka gaya mata kai da kanka za ka je wajen Kawu, ba za ka ambaci sunan kowa ba, kuma in ya ƙi kana da wani batun a aljihu. Abin da za ka nema a wajenta addu'a ce, da ta faɗa maka lokacin da yayanta ya fi sauƙin kai, don ba wanda ya kai ta sanin wannan.

Mako ukun nan ya ishe ka in ba ka tsaya jan ƙafa ba. Ka fara da Baba a makon nan. Mako na biyu ka ga malamin da kake so ya duba maka aikin, da batutuwa biyu a rubuce, na jima da na madadinsa, ka kuma gaya masa gaskiya cewa kana da ɗan'uwa a sana'ar don ya san yadda zai tsare ka. Sannan Kawu, kafin ka miƙa komai. Ranar da za ka je wajen Baba, ka bari sai bayan la'asar, kuma kada ka riƙe waya kana nuna masa shafin a intanet. Ka bar shi ya ɗauko nasa littafin mai tsohon bango, ya lalubo wurin da yatsansa. In ya ce ka dawo gobe a ci gaba, ka koma.